Ɗaki Mai Baranda

Ni ne mai laifi, ba mahaifiyarku ba. Na sa wannan a farkon babin nan ne domin ko wani cikinku ya gaji ya ajiye littafin, ya zamana ya riga ya ji abin da ya fi muhimmanci. Fadila, Nasiru, abin da kuka ɗauka game da ita da yayanku Mukhtar ba haka yake ba. Ni na dasa muku shi a rai da bakina, a gabanta, ina sane da abin da nake yi. Ke Fadila na faɗa miki a taƙaice ta waya, kika kashe wayar, kuma ban ga laifinki ba. Ga cikakken labarin.

Kun san karatuna bai wuce allo da firamare ba. Direba na zo ƙasar nan ta Ingila, ina tuƙa wani mutumin garinmu da ya zo karatu da iyalinsa. Ya gama ya koma, ni na tsaya, na samu aiki a wani sito a unguwar Cheetham Hill a nan Manchester, inda ake sayar da kaya sari. A nan ƙarfina ya ƙare. Kwali na ɗauka na sauke har gashina ya yi fari, a cikin gini mai fitilu ko'ina amma babu taga ko ɗaya. Lokacin sanyi da duhu nake shiga, da duhu nake fitowa. Ban taɓa jin kunyar aikin ba sai ranar taron 'yan gida. Mutanenmu na nan kusan duk likitoci ne da injiniyoyi da akantoci. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni, wannan dole in faɗa. Amma in ana neman wanda zai gyara wa baƙi wurin ajiye mota, ko ya tsaya kan gashin nama, sunana ne yake fara zuwa bakin kowa. Ina yi ina dariya, ina komawa gida da abin a raina.

Mukhtar kuwa kun san ba ni na haife shi ba. Ɗan mahaifiyarku ne na fari, da mijinta na farko wanda ya rasu yaron yana ƙarami. Dangin uba suka karɓe shi, daga baya na aure ta na kawo ta nan. Ya girma ya koyi dukanci, ya bi wani ubangidansa zuwa Dakar, can ƙasar Senegal, ya yi aure, ya haifi 'ya mace ya sa mata sunan mahaifiyarku. Ya nemi bizar zuwa nan an hana shi, ya sake nema an sake hanawa. Ita kuma tun dawowarmu ta ƙarshe daga gida, da jini ya daskare mata a huhu bayan saukar jirgin sama ta kwanta asibiti, likita ya gargaɗe ta kan doguwar tafiya a sama, tsoro kuma ya ƙarasa sauran. Rabonta da ganin ɗanta tun kina makarantar sakandare, Fadila.

Akwai abin da ba mu koya muku ba, don a nan aka haife ku, kuma ban taɓa zaton zai zama dole ba. A inda muka fito, mace irin tarbiyyar mahaifiyarku tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa. Ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye, ko ciwo yake yi wata za ta tura ta duba mata. Ba ƙiyayya ba ce. Sau da yawa ma shi ne ɗan da aka fi so. Kun sha gani, in Mukhtar ya bugo, gaisuwa biyu take yi ta miƙo min waya ta ce, “Ga yaron nan.” Abin da ba ku lura da shi ba, ba ta barin ɗakin. Sai ta ɗauko tsumma ta kama goge teburin da ta riga ta goge, har sai mun gama magana. Ni na lura. Shekara da shekaru ina kallon tsumman nan.

A shekarar da na bar aiki aka yi sunan ɗanki na fari a Birmingham. Surukinki, mahaifin mijinki, wanda muke kira Likita, mutumin kirki ne, kuma har gobe ina faɗin haka. Bayan an ci abinci ya fito da waya yana nuna wa maza hotunan yawon da suka yi a jirgin ruwa shi da matarsa, irin manyan jiragen nan na shaƙatawa. Ga shi zaune a barandar ɗakinsu da kofin shayi, teku a bayansa. Wani ya tambaye shi ko akwai ɗakuna masu sauƙin kuɗi.

“Akwai mana,” in ji shi, “can ƙasa, ba taga ba komai. Kai, ai wannan kamar mutum ya biya kuɗi ne a kulle shi a sito.”

Aka yi dariya. Na tabbata bai tuna ina wurin ba. Amma mutum ɗaya ya waiwayo ya dube ni, ya yi sauri ya kawar da kai. Ni ma na yi dariyar, na tashi na je duba nama.

Bayan 'yan watanni kuka kira mu gidanki na Ladywood a Birmingham kuka ce kuna da albishir. Kun haɗa kuɗi ke da Nasiru za ku tura mu yawon jirgin ruwa, ladan barin aiki. Kika buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci.

“Daddy, kuɗin ɗaya zai ɗauka cikin biyun nan, ku zaɓa. Wannan sati ɗaya ne, Norway, amma ɗakin babba ne, da falo da baranda, har da mutumin da zai riƙa yi muku hidima. Wannan kuma sati uku ne, ɗakin ƙarami, can ƙasa, ba window. Amma Mummy, duba inda yake tsayawa. Dakar! Wuni guda cur.”

Mahaifiyarku ba ta dubi kwamfutar ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki jariri daga cinyarki, ta kama gyara masa hular da ba ta karkace ba.

“Ku tambayi babanku. Ni me na sani a kan teku?”

“Mummy, Yaya Mukhtar fa. Za ki gan shi, ki ga takwararki.”

“Na ji. Shinkafar nan taki za ta kama.”

Ta tashi da yaron ta shiga kicin. Kika dube ni, Nasiru ya ɗaga kafaɗa. Ku a wurinku wannan amsar wadda abin bai dama ba ce. Ni kuwa na gane. Na san abin da ta ce, ta faɗe shi da iyakar ƙarfin da al'ada ta bar mata. Aikina ne in fassara muku. Abin da miji yake yi ke nan a irin wannan wuri, ya ce, “Na Dakar za mu bi,” kamar shi ne yake so, don ta samu abin da take so ba tare da ta buɗe baki ba. Maimakon haka idona yana kan hoton barandar. Na ce ku ba mu mako guda mu yi shawara.

Ba mu yi shawarar komai ba. A cikin makon nan ta bi bas ta je Cheetham Hill ita kaɗai, ita da ba ta son fita cikin ruwan sama. Ta dawo da leda ta tura ƙarƙashin gado. Da ta shiga wanka na jawo na duba. Takalman yarinya ne ƙafa biyu, ɗaya ja ɗaya fari mai ɗan fure, da rigar sanyi ta namiji, da turaren da ta san ana so a gida. Na mayar na tura yadda na same shi. Na zauna bakin gado ina gaya wa kaina dalilai. Na ce ƙafarta ba za ta jure sati uku ba. Na ce wuni ɗaya me zai yi wa mutum, sai dai ya tayar da miki. Na ce ni da na yi rayuwata a ginin da ba taga, ai na cancanci in ga rana daga gadona sau ɗaya kafin in mutu. Wannan na ƙarshen yana da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa na riƙe shi da kyau. Amma ainihin abin biyu ne. Ina so in tura wa Likita hotona a baranda. Na biyun kuma ya fi muni: duk wanda ya san mahaifin Mukhtar yana cewa yaron kamarsa ɗaya sak, kuma ban so in tsaya a bakin tashar jirgi ina kallon fuskar matata lokacin da za ta ga wannan fuskar. Dattijo da jika, ina kishi da mamaci.

Ranar Lahadi kika bugo. Na sa wayar a lasifika na ajiye a kan tebur. Mahaifiyarku tana zaune gefe tana gyaran alayyahu a faranti.

“To Daddy, me kuka yanke? Yau zan biya.”

“Mai barandar.”

“Haba Daddy. Dakar ɗin fa? Na ma riga na ɗan gaya wa Yaya Mukhtar cewa wataƙila. Ka tabbata Mummy ba ta so?”

A nan ne na faɗi maganar.

“Fadila, ke tun da kika tashi, kin taɓa jin ta kira sunansa ko sau ɗaya? Ba a hannunta ya girma ba. Kada ki takura mata da abin da ba ta nema ba.”

Sannan kika ce, “Mummy, haka ne?”

Na san ba za ta iya musawa ba. Kafin ta ƙaryata ni sai ta ce tana son ɗanta, tana kewarsa, a gaban mijinta da 'yarta, kuma wannan shi ne abin da ba za ta taɓa iya yi ba. Na sani sarai, da shi na yi amfani. Ta ci gaba da tsinke ganyen. Muryarta ba ta ko canza ba.

“Abin da babanki ya ce.”

Ranar Juma'ar da ta biyo, za mu tafi masallaci, na ga ta fito da ledar nan. A bakin ƙofar mata akwai akwatin da ake zuba kayan sadaka. Daga inda na ajiye mota na hango ta ta tsaya gabansa ɗan lokaci, sannan ta saka. Da muka dawo na tambaye ta me za a dafa.

Ɗakin jirgin kuwa ba a yi ƙarya ba. Ya fi falonmu na Manchester girma. Gado kamar fili, kujeru masu laushi, 'ya'yan itace a kwano kullum sababbi. Mutumin da aka ware mana yana zuwa gyaran ɗaki ya tarar mahaifiyarku ta riga ta gyara gado ta share, har ya roƙe ta ta bar masa wani abu kada a kore shi. Wannan ne kawai ya ba ta dariya a duk tafiyar. Tun daga tashar jirgin ruwa ta Southampton ruwan sama ya bi mu. Duwatsun Norway da ake ta yabo, rabinsu cikin gajimare muka gan su. Barandar da na sayar da mutuncina a kanta, sanyi bai bar mu mun zauna a cikinta ba. Amma na ɗauki hoton. Na sa babbar rigata mai aiki da hula, na riƙe kofin shayi, iska tana neman tsige min hular, na miƙa mata waya.

“Ki ja baya kaɗan, tekun ya fito.”

“Ya fito.”

“Ƙara ɗaya, ban yi murmushi ba.”

Ta ƙara. Na tura wa zauren 'yan gida na waya, na zauna ina jira. Aka yi ta Masha Allah, wani ya ce Malam Isyaku an zama manya. Kafin a kira cin abincin rana an koma maganar kuɗin hayar zauren taron Sallah. Shi ke nan. Abin da na saya ke nan.

Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaure fuska ba, da ma ta yi da na samu abin kamawa. Tana cin abinci, tana sallarta, tana tambayata ko na sha magani. Sau ɗaya kawai na ga alama. Wata safiya ruwan ya ɗan tsagaita, na fito na same ta a baranda ta lulluɓa da bargo. Mai hidimar ɗakin ya kawo shayi. Da ɗan Turancinta ta tambaye shi wane ɓangare ne kudu. Ya zaci alƙibla take nema, ya fara nuna mata wani gefen. Ta ce a'a, ta san alƙibla, kudu take tambaya. Ya nuna mata bayan jirgi. Ta juya kujerarta can, ta zauna tana kallon farin kumfan da jirgin yake bari a baya. Na koma ciki na kunna talabijin.

Bayan mun dawo muka je Birmingham kai tsaraba. Likita ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ya ga hoto, baranda ta yi kyau. Na ji daɗi, ban ɓoye muku ba. Muna zaune mu biyu sai ya ce:

“Af, Fadila ta ce da akwai wani mai tsayawa Dakar. Ba can ɗan Hajiya na fari yake ba?”

“Can yake. Ai ita ce ba ta nuna tana so ba.”

Ya ajiye kofinsa. Mutumin Katsina ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunan babban wansa ba har ta koma ga Allah, shi da kansa ya taɓa ba ni labari. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa majinyaci in ya ga abin da bai so gani ba a hoton ƙirji.

“Ba ta nuna ba,” ya maimaita a hankali. “To. Allah ya kyauta, Malam Isyaku.”

Ya kawo maganar ƙwallo. Mutumin da na yi duk wannan don ya gan ni, ya gan ni ɗin kuwa.

Na yi wa kaina alkawarin zan gyara a shekara mai zuwa, zan tara daga fansho mu bi na Dakar ko a ɗakin injin jirgi ne. Kafin shekarar ta zagayo zuciyarta ta fara ba da matsala. Kun san sauran, zuwa wurin likitan unguwa, zuwa asibiti, magunguna a jere kan firiji. Likitanta ya ce kada ta yi nisa da asibiti, sati uku a teku kuwa kada ma a kawo maganar. Ƙofa ɗaya ce Allah ya buɗe mata, ni na tsaya a bakinta na rufe. Duk da haka ban yi magana ba. Ina kai ta asibiti, ina dafa mata shayi, ina gaya wa kaina wannan ma ai ban haƙuri ne.

Abin da ya karya ni ke ce, Fadila. Kin zo Manchester duba ta, kina kicin da Nasiru, ɗanki yana goye a bayanki, ba ku san ina tsaye a bakin matakala ba. Kika ce, rabi Hausa rabi Turanci yadda kuka saba:

“Ina son Mummy, amma wallahi ba zan taɓa yi wa ɗana yadda ta yi wa Yaya Mukhtar ba. An ba ta dama ta gan shi ta ce a'a. Wace irin uwa ce wannan?”

Nasiru ya ce ki rage murya. Ɗakinta yana saman kicin ɗin, kuma kun san yadda bangon gidan nan yake. Na hau na leƙa. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, idonta biyu. Bayan na hana ta ɗanta ɗaya, na kuma ɓata ta a wurin sauran biyun, kuma ta gwammace ta ɗauki wannan da ta tona ni.

Washegari bayan kun tafi ta sauko tana wanke kofuna. Na tsaya a bayanta. Ban taɓa sanin kicin ɗinmu yana da ƙanƙanta haka ba.

“Maman Fadila.”

“Na'am.”

“Na ga takalman nan. Tun suna ƙarƙashin gado na gan su. Na san kina so, na yi kamar ban sani ba, kuma na yi miki ƙarya a gaban 'yarki don na san ba za ki iya cewa komai ba. Hoto nake so. Kuma ina kishin fuskarsa. Ki yafe min don Allah.”

Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya.

“Na san ka gani. Ba haka na ɗaure ledar ba.”

Ta ci gaba, ba ta juyo ba.

“Ni na yafe tun a jirgi, Malam, in ba haka ba da ban iya zama ɗaki ɗaya da kai ba. Amma ba ni kaɗai ba ce. Matarsa ta gaya min, tun da Fadila ta ce wataƙila, yaron nan ya sayi rago ya ɗaure. Ya yi wa ɗaki fenti. Ya koya wa yarinyar yadda za ta gaishe ni da Hausa.” Ta ajiye kofin. “Kuma an gaya masa ni ce ban so ba.”

Na ɗauko waya a nan inda nake tsaye, don na san in na fita daga kicin ɗin zan samo dalilin jira zuwa gobe. Na kira Mukhtar, na sa a lasifika na ajiye a kan tebur, daidai inda na ajiye ta ranar da na yi ƙaryar. Tana ta ƙara. Mahaifiyarku ta juya baya ta ci gaba da wanke-wanke, ruwa yana zuba. Da ya ɗauka ya ce, “Salamu alaikum, Baba,” sai na ji famfon ya tsaya. Ta jawo tsumma.

Ya fara jero gaisuwa yadda ya saba, ya gida, ya sanyi, ya mai jiki. Na katse shi.

“Mukhtar, tsaya ka ji. Ba gaisuwa na kira ba. Mahaifiyarka ba ta taɓa cewa ba ta son zuwa ba. Ta saya wa takwararta takalma, ta saya maka riga, ta tambayi inda kudu yake a tsakiyar teku ta zauna tana kallo. Ni ne na hana, don in ɗauki hoto a baranda, sannan na ɗora mata. Tana nan tsaye tana jina, ba za ta ce komai ba, ka san dalili. Ni ne na raba ka da ganin uwarka, ɗana. Ba ni da abin da zan biya ka da shi. Ka yafe min.”